Istiharar da Na Kasa Ƙarasawa

Sauka Kahuta, Minna

Zuwa ga ƙanena Zikrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Maman Hanif da yaran gaba ɗaya. Allah Ya tsare muku imaninku a can Holan, Ya sa albarka a neman da ya kai ku, Ya raba ku da sharrin abin da kuke gani da wanda ba ku gani. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka kabarinsu, Ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Mu nan alhamdu lillahi, lafiya lau muke. Ruwa ya sauka, zafin nan na Minna da ka gudu ka bar mana ya ɗan yi sauƙi, har mun koma kwana a ɗaki. Ruwan famfo dai sai ranar da aka ga dama aka sako daga madatsar ruwa ta Tagwai, in ya zo kuwa kowa ya bar abin da yake yi ya nemi bokiti. Malam, baban su Ummi, yana nan yana zuwa kasuwar Gwada sayen doya, duk da gwiwar nan tana matsa masa, kuma hanyar ba kullum take da daɗin bi ba. Na yi magana har na gaji, ya ce ranar da ya zauna a gida ranar ciwon zai gane inda yake. Ɗanmu Yunusa ya koma makaranta Bida. Matan da nake koyarwa a Islamiyya sun ƙaru, har da wata tsohuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta ce ba za ta mutu tana karanta Fatiha da kuskure ba. Allah Ya ba ta abin da ta zo nema.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalili shi ne, in muna magana a waya kakan riga ni. Kafin in haɗa kalma biyu ka kawo goma, ka sa ni dariya, mu yi sallama, sai bayan na ajiye in tuna ban faɗi abin da na kira domin sa ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san bokona na yaƙi da jahilci ne. Ni da kaina zan ɗauki hotonta in tura maka, domin ba na son ta bi ta hannun kowa a gidan nan. Maganar 'yarka Ummi ce, takwarar Inna, da tafiyar da take son yi Turai neman digiri na biyu.

Ka san tun da ta gama karatun lissafi a jami'ar nan ta Minna ta yi hidimar ƙasa, ba ta da zance sai na ƙaro ilimi. Ban taɓa hana ta karatu ba, ba kuwa zan fara yanzu ba. Wata ranar Asabar ta same ni ina tsince shinkafa, ta zauna a gefen tabarma kamar baƙuwa, ta ce makarantu biyu sun ɗauke ta, ɗaya a Jamus, ɗaya a Holan kusa da garinku, kuma dole ta ba su amsa kafin wata ya ƙare. Ta jera mini ƙasashen da ta duba ta bari. Ingila, in ji ta, tsadarta ba ta talaka ba ce. Faransa an ce sun iya wannan fanni ƙwarai, amma sai da yarensu, kuma ni ma na sha ji a rediyo yadda suke takura wa mai lulluɓi. Suwizalan kuwa wai ruwan sha ma sai mutum ya yi tunani kafin ya saya. Saura biyu ke nan. Jamus makarantar kusan kyauta ce, sai dai ba mu da kowa a can, kuma in za a yi aiki sai an koyi Jamusanci. Holan da tsada, amma ta samu tallafin makaranta, ana jin Turanci ko'ina, ga kuma Kawu, wato kai. Ta ce ita ba za ta zaɓa ba, ni take so in yi mata istihara, duk wadda Allah Ya nuna mini ita za ta bi, kuma in ban sa albarka ba ko tashar mota ba za ta je ba. Da Malam ya dawo na kai masa maganar. Ya ce shi doya ya sani, ita ma sai ya ƙwanƙwasa ta, don haka abin da na yarda da shi ya yarda. Ka ga nauyin duka ya dawo wuyana.

A ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Yarinyar zamani ta ce uwarta ta zaɓa mata ƙasa! Amma da na tambaye ta wane irin karatu ne, kuma wane aiki ake yi da shi, sai ta ce ai Mama lissafi ne kawai, lissafin kuɗi. Da yamma ka kira ka yi mini murna, na yi maka tambayar nan, ka ce Yaya kwantar da hankalinki, lissafi ne kawai. Washegari Maman Hanif ta turo saƙon murya, ita ma a tsakiyar gaisuwa ta ce kada in damu, lissafi ne kawai. Zikrullahi, ni mai koyar da hadda ce. In ɗalibai uku suka kawo mini karatu da tsayawa a wuri ɗaya da jan numfashi a wuri ɗaya, na san a bakin mutum ɗaya suka ɗauka.

Ana cikin haka na shiga ɗakinta ɗaukar tsintsiya, na ga kwamfutarta a buɗe. Fuskar kwamfutar cike take da wasu sanduna jajaye da koraye, suna hawa suna sauka kamar haƙoran zarto. Na san hoton nan. Ka tuna Magdalina maƙwabciyarmu, mai sayar da garin rogo, wadda takan aiko maka da gyaɗa in ka zo? Ɗanta Meshach, wanda suka yi firamare da Ummi, irin waɗannan sanduna ya zauna yana kallo a wayarsa har babur ɗin da uwar ta saya masa na haya ya tafi, injin niƙanta ya bi baya. Shi ma ce mata ya yi ba caca ba ce, ilimi ne, sai mai kai. Na je na same ta a bakin shagonta, ban faɗi don me ba, na dai ja ta da hira har muka iso wurin. Ta tafa hannu ta ce Malama, wannan abu ja da kore, in kin gan shi a gidanki ki fara ƙirga tukwanenki. Ta ce shi Meshach da ya ci sau ɗaya sai ya fara tafiya kamar gwamna, da aka cinye shi kuwa sai ya ce laifin netuwok ne. Muka yi dariya, amma ita tata dariyar da hawaye a ciki. Na yi mata sallama na dawo gida.

Duk da haka na ce alkawari na ɗauka, bari in cika. Da hantsi, bayan gida ya yi shiru, na yi alwala na yi nafila, na ɗaga hannu na fara addu'ar istihara. Ka san akwai gurbin da mutum yake ambaton bukatarsa da sunanta, ya ce in wannan al'amari alheri ne gare shi a addininsa da rayuwarsa a sauƙaƙa masa. Ina isa wurin harshena ya tsaya. Me zan ce? In ce Jamus? In ce Holan? Ai ƙasa ba al'amari ba ce, wuri ce. Al'amarin shi ne abin da za ta je yi, kuma ni ban san shi ba. Tun muna gaban allo aka koya mana cewa ba a yin istihara a kan abin da aka haramta, ba a kuma yin ta a kan abin da aka wajabta, sai a kan halal ɗin da mutum ya rasa inda zai karkata. To ni da ban san ko aikin nan halal ne ba, yaya zan tsaya gaban Ubangijina in tambaye Shi a wace ƙasa ya fi kyau a yi shi? Na sauke hannuna. Na daɗe zaune a kan sallaya ina jin kunya, kamar wadda ta shiga gaban babban mutum da saƙon da ba ta san abin da ke cikinsa ba.

A zaunen nan ne na lura da abin da ya wuce ni tun farko. Ba wanda ya tambaye ni ko na yarda ta yi wannan karatu. An tsallake wannan, an miƙo mini wace ƙasa. Sai na tuna wani yaro mai taurin kai da na raina bayan rasuwar Inna, wanda in zazzaɓi ya kama shi ba mai iya ɗura masa maganin nan mai ɗaci. Baba ya yi tsawa, ya yi lallashi, a banza. Ni kuwa ba na ce masa zai sha ko ba zai sha ba. Sai in ce, da cokali kake so ko da ludayi? Ya ɓata rai ya yi dogon tunani kamar alƙali, ya ce da ludayi, ya shanye yana ganin shi ya yi nasara. Mutum ɗaya na yi wa wannan dabara a duniya, kuma daga baya da ya girma na ba shi labari muka yi ta dariya. Ummi ba ta san ta ba. Ka ga ba sai na yi dogon bincike ba kafin in san hannun da ya miƙo mini cokali da ludayi.

Ban ce komai ba tukuna, domin zato zunubi ne in ba a tabbatar ba. Sai ga shi ranar Lahadi Maman Hanif ta kira ta bidiyo don yara su gaishe ni. Rumaisa, Allah Ya raya ta, ta karɓe wayar ta ruga sama da ita tana cewa in zo in ga ɗakin Anti Ummi. Na ga ɗaki an yi masa sabon fenti, an sa gado da teburin karatu, an shimfiɗa sallaya ta fuskanci alƙibla, ga wata ƙatuwar rigar sanyi rataye a ƙofa ko ledarta ba a cire ba. Uwar ta biyo ta da sauri tana cewa ai ɗakin baƙi ne kawai. Kada ka yi wa yarinyar faɗa, ita kaɗai ce a gidanku ba a koya wa abin da za ta ce mini ba. Wato ni ina nan ina alwala ina neman zaɓin Allah, ku kuwa har kun auna tsawon hannun riga.

Daga nan na tafi wurin Malam Kudu, ɗan malaminmu na allo, wanda yanzu yake limanci a masallacin unguwa. Na faɗa masa iyakar abin da na sani, wanda bai taka kara ya karya ba. Bai yi gaggawa ba. Ya ce shi ba zai ce halal ba, ba zai ce haram ba, sai an siffanta masa aikin kamar yadda ake siffanta wa tela ɗinki. Ya ce lissafi ilimi ne mai daraja, da shi ake rabon gado, da shi ake fitar da zakka, amma mai auna hatsi da mai auna giya duk mudu suke riƙewa. In je in tambayo: me ake saya, me ake sayarwa, akwai ruwa a kan bashi ko babu, kuma in wannan ya ci, daga aljihun wa abin ya fito. Ya ƙara da cewa in tambayi yarinyar a hankali, kada in takura ta, domin yaron da aka tsorata amsar da ake so yake bayarwa, ba gaskiya ba.

Haka na yi. Na bari sai da muka zauna ɓarar gyaɗa mu biyu, hannu na aiki ido ba ya kallon ido. Na ce ta bar Turanci, ta bar lissafi ne kawai, ta yi mini bayani da doyar babanta. Ta yi murmushi ta gyara zama. Ta ce in ɗauka Baba ya je Gwada yanzu da damina, ya yi ciniki da manomi a kan doyar da ba a haƙa ba, suka yanke farashi tun yau. In kaka ta yi doya ta yi tsada, Baba ya ci riba, in ta yi arha, manomi ya tsira. Aikin irinsu shi ne su zauna da kwamfuta su lissafa farashin da ya dace a yanke yau, da irin asarar da za a iya yi in abu ya juya. Na ce wannan na san shi, akwai shi a fiƙihu da sharuɗɗansa: a biya kuɗin a take, a faɗi irin doyar da yawanta da lokacin kawowa. Sai na ce to, a can, ranar da lokaci ya cika, wa yake zuwa da mota ya kwashi doyar? Ta murza ɓawon gyaɗa. Can ta ce gaskiya, Mama, sau da yawa ba mai kwasar komai. Bambancin farashin kawai ake biya, kuma takardar cinikin ma sai ta wuce hannu da yawa kafin ƙiftawar ido, na'ura ce take saye tana sayarwa. Na ce to me ya raba shi da abin Meshach? Ta ce Meshach shi ne wanda ake ci, su kuwa kamfanonin su ne masu ci, domin sun fi shi lissafi da sauri. Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai.

Amma ba ta tsaya nan ba, kuma ina so ka san ban fi ta hujja ba, abubuwa da yawa da ta faɗa sun fi ƙarfin kaina. Ta ce ilimin ɗaya ne, ƙofofinsa ne da yawa. Akwai masu zama su auna haɗari don kada kuɗin fanshon tsofaffi ya narke. Akwai masu sa ido a kan bankuna don kada su yi ganganci da ajiyar mutane. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, har a nan ƙasar, kuma suna neman masu wannan ilimi ido rufe. Ta ce ko a waɗannan ma akwai wuraren da malamai suka yi saɓani, ba za ta ce mini duka fari ne tas ba. Na ce wannan ma Kawu ne ya biya miki? Sai hawaye. Ta ce a'a, wannan nata ne. Abin da Kawu ya ce shi ne kada ta ja ni cikin bayani, domin in na ji kalmar ruwa ko hannun jari zan rufe ƙofa. Ya ce ta ce mini lissafi ne kawai, ta ajiye Jamus kusa da Holan, ni da kaina zan ɗauki Holan saboda ba zan tura 'ya mace inda ba muharrami ba, kuma zan ga kamar ni na zaɓa. Ta ce ka kuma gaya mata akwai abokinka a wani kamfanin saye da sayarwa a Amsterdam da ya yi alkawarin ɗaukarta gwaji tun kafin ta gama.

Na bar ta ta share fuska, sannan na yi mata tambayar da ya kamata wani cikinmu ya yi mata tun farko. Na ce in babu ni, babu Kawu, ina zuciyarta take? Ta ce Jamus. Ta ce ita ta nemi makarantar da kanta tun kafin ka kawo zancen Holan. Karatun can ya fi tsawo, ya fi zurfi a lissafin kansa, kuma zai ba ta lokaci ta ga ƙofofin nan duka kafin wani ya jawo hannunta ta ɗaya. Ta ce tana tsoron in ta sauka gidanka, ga ɗaki, ga abokin Kawu, ga albashin da za a ambata mata, za ta tsinci kanta a cikin aikin kafin ta tambayi kanta ko tana so. Kuma ta kasa ce maka a'a, domin kai ka ɗauki nauyin jarrabawar Turancin da ta yi, kai kake kiran ta kullum kana ƙarfafa mata gwiwa. Ka ga ashe ba ni kaɗai aka miƙa wa ludayi ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta wanke sarai ba. Kwanakin da suka biyo baya na yi ta juya maganar. Nakan ce, to in ita ma wannan shiri ne fa? In yarinyar nan tun asali Jamus take so don ta yi nesa da idon kawunta, ta bar mu ni da kai muna ture juna ita ta wuce ta tsakiya? Ko akwai wani a can da ban sani ba? Har na tambaye ta kai tsaye, ta yi dariya ta ce wanda ta sani a Jamus bai wuce malamin da ya amsa mata saƙo ba, shi ma tsoho ne mai jikoki. Na kalli idonta ban ga komai ba, amma ai ranar Asabar ɗin nan ma na kalla ban gani ba. Wannan ita ce ɓarnar da abin ya yi mini, Zikrullahi. Da, in Ummi ta ce mini ruwa ya sauka ba na leƙa waje. Yanzu ina auna maganarta, ina auna taka, har gaisuwar Maman Hanif sai na juya ta. Na ga in na biye wa wannan ba zan tsaya ko'ina ba, kuma wata yana ƙarewa.

Don haka na ce mata istihara tata ce, mai bukata shi ya fi cancanta ya roƙa, ta yi da bakinta. Ni ma na sake yin tawa, wannan karon na san abin da zan ambata: karatun lissafi a Jamus. Karatun kaɗai na ambata, ban ambaci aikin ba. Na kai ƙarshen addu'ar ba tare da harshena ya sarƙe ba, kuma na tashi ba nauyi a ƙirjina. Ranar Juma'a bayan an sauko, a gaban babanta, na sa mata albarka, ta aika wa makarantar amsa. Sharaɗi ɗaya na gindaya mata: duk aikin da za a ba ta, a Turai ko a gida, ba za ta sa hannu ba sai ta siffanta mini shi da Hausa, yadda zan iya kai wa Malam Kudu, yadda kuma zan iya ambatonsa a gaban Allah. In ya ƙi faɗuwa da Hausa, to ta san akwai magana. Ta ce ta ɗauka. Ba da sauƙi na yi wannan ba. Ina tura 'yata garin da ba ta da kowa, ta zauna a ɗakin ɗalibai mata cikin mutanen da ba ta jin yarensu, alhali ga gidan ɗan'uwana a buɗe. Malam ya tambayo mana, an ce akwai masallaci a garin da 'yan ƙasarmu kaɗan, amma wannan ba ya maye gurbin kawu.

Na san alheri ka nufa. Na san kana ganin Yaya ba ta san duniya ba, tsoronta zai tare wa yarinya hanya, kuma wataƙila da ka faɗa mini komai tun farko da na yi gardama, da mun kai ruwa rana. Amma da gardamar ta ƙare, ko na yarda ko ban yarda ba, da na san da ƙanena na yi ta. Abin da ya yi mini ciwo ba Holan ba ce. Ka bari na tsaya a kan sallaya ina tambayar Allah abin da kai ka riga ka yanke. Wannan ne nake so ka nemi gafarar Allah a kansa, ni nawa na yafe tun kafin in ɗauki biro.

Abin da nake roƙonka yanzu guda biyu ne. In bizarta ta fito, kai nake so ka shiga jirgin ƙasa ka je ka tarbe ta, ka ga ɗakin da za ta zauna da idonka, ka ga masallacin, ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani yadda yake, mai daɗi da marar daɗi, ba wanda zai kwantar mini da hankali ba. In an yi hutu kuma gidanka ne gidanta. Na biyu, kada ka kira ta don ka juya mata ra'ayi, ka san ba za ta iya yi maka musu ba. In kana ganin mun yi kuskure, mai yiwuwa ne mun yi, to ni za ka kira. Zan saurare ka har ka gama, kai ma ka bari in gama.

Ka gaishe mini da Maman Hanif da kyau, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba, Allah Ya saka mata da alherin da ta shirya wa 'yata. Ka shafa mini kan Hanif da Rumaisa da Aliyu ƙarami, a ci gaba da kai su karatun Asabar ko da sanyi ya yi yawa. Malam yana gaishe ka, Yunusa ma ya ce a miƙa gaisuwarsa, Magdalina kuma ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar Sauka Kahuta ne. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya shirya mana zuriya, Ya ciyar da mu halal ko da kaɗan ne.

Wassalam. Ni ce yayarka mai yi maka addu'a kullum,

Altine